Kalmar "Babu" da Kwamfutar da Ake Koya wa Tunani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga kan ƙirƙirarriyar basira, inda marubucin ya nuna cewa kwamfuta ta kusa kamo ɗan Adam wajen tunani. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a karkarar Ringim, ina kuma taɓa noma, kuma ina so in ja hankalin masu karatu ga wata ƙaramar kalma da ta daɗe tana wahalar da masana wannan fanni, wato "babu".

A ilimin manɗiƙi na zamani, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, wanda ake rubutawa da alamomi kamar lissafi, korewa ba ta da wuya. Za a ɗauki jumlar "Wane yana da taki", a ɗora mata alamar korewa, ta koma "Wane ba shi da taki". Sai dai wannan jumla gaskiya ce a kan manomin da geronsa ya yi ja a tsakiyar damina, gaskiya ce kuma a kan jaririn da aka haifa jiya, har ma da tunkiyar da ke ɗaure a turke. Alamar ba ta raba tsakaninsu ba, alhali kowane yaro a ƙauyenmu ya san ɗaya ne kawai a cikinsu yake cikin rashi.

Tun zamanin Aristotil, masanin falsafa na tsohuwar Girka, aka lura da wannan, kuma malaman manɗiƙi na Musulunci sun tattauna shi da sunan Larabci "adamu da malaka", wato rashi da mallaka: ba a kiran dutse makaho, domin makanta rashin gani ce ga wanda ya dace a ce yana gani. Hausa ma ta yi wannan rabon, domin "ba shi da" daban, "ya rasa" daban. Ba wanda zai ce manomi ya rasa jirgin sama.

Wanda zai rubuta wa na'ura ma'anar rashi dole ya ƙara sharuɗɗa. Sai ya ce mutum yana da wata buƙata, buƙatar ba ta biyuwa sai da abin, kuma abin da ke hannunsa a wannan lokaci bai kai adadin da ake nema ba. Lokaci da adadi suna da nauyi a nan, domin magidancin da ke da dami biyar a rumbu a watan Yuni, da baki goma sha biyu a gida, yana da hatsi a idon alamar korewa, amma shi ya san ba zai kai shi kaka ba. Ko bayan an sa waɗannan sharuɗɗa, da saura. Maƙwabcina ba shi da shanun huɗa, amma duk shekara ana yi masa huɗa a kan kari da na yayansa. Idan aka rubuta mallaka kaɗai, na'ura za ta sa shi cikin marasa shi, idan kuma aka ƙara cewa aro yana kore rashi, sai a tambaya ko yayan zai bayar a shekarar da suka saɓa kan gonar gado. Duk sharaɗin da aka rubuta sai ya haifi wani.

Bayan "ba shi da" da "ya rasa", abin da ya fi damuna shi ne nau'i na uku, wato babu ta takarda. John McCarthy na Amurka, wanda tun 1959 ya wallafa maƙala kan koya wa kwamfuta sanin yau da kullum, da Raymond Reiter na Kanada, sun yi aiki a kan yadda na'ura za ta yanke hukunci idan bayanin da ke gabanta bai cika ba. A 1978 Reiter ya fayyace ƙa'idar da ke cewa duk abin da ba a iya tabbatarwa daga rumbun bayanai, a ɗauke shi babu. A 1980 kowannensu ya fito da tsarin da hukunci ke iya warwarewa idan sabon bayani ya zo. Ƙa'idar farko tana da amfani a jadawalin tashin jirage, inda aka rubuta komai. A karkara kuwa, inda haihuwa da cinikin gona da bashi sukan wuce ba tare da takarda ba, tana iya cutarwa. Na ga an hana wani dattijo tallafin taki saboda sunansa bai fito a na'urar masu rabo ba, aka ce ba manomi ba ne, ga shi kuwa da kantar fartanya a tafin hannu. Malamanmu sun daɗe suna cewa rashin samun abu ba ya nuna cewa babu shi.

Ina roƙon ku ba da fili ga malaman kwamfuta na jami'o'inmu na Kano da Dutse su bayyana mana, da Hausa, wace ƙa'ida manhajojin da ake yi wa manoma rajista da su suke bi idan ba su sami sunan mutum ba: shin suna rubuta "babu" ne, ko "ba a sani ba".

Naku,
Wani malamin lissafi,
Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa