Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Daulolin Taurarin Labarinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ya sanyin can, ya kuma ɗawainiyar karatu? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Saƙonka ya iso, har da babobin farko na labarin da jadawalin daulolin da ke cikinsa. Wallahi na ji daɗi ƙwarai. Mun daɗe muna kukan cewa ƙagaggen labarin kimiyya bai samu masu yi masa hidima da Hausa ba, ga shi ka ɗaura ɗamara. Tunda ka ce kada in ɓoye maka komai game da jadawalin, ga abin da ke raina.

Ka jera daulolin ne bisa yawan taurarin da kowace ke riƙe da su: mai dubu ita ce babbar daula, mai ɗari matsakaiciya, wadda ba ta kai goma ba ka kira ta ƙaramar ƙasa. Sannan ka ɗora ma'aunin Kardashev a kai. Ban ƙi ma'aunin ba. Nikolai Kardashev, masanin taurari na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, shi ya fito da shi a 1964, ya kasa masu wayewa gida uku: waɗanda ƙarfinsu bai wuce na duniya guda ba, waɗanda suka mallaki duk makamashin ranarsu, da waɗanda ke cin moriyar damin taurari sukutum, wato babban gungun taurari irin wanda ranarmu ke ciki. Carl Sagan, masanin taurari Ba'amurke, ya zo daga baya ya lissafa cewa mu 'yan Adam muna wajen 0.7, ko matakin farko ba mu cika ba. Sai dai ka tuna abin da Kardashev yake nema. So yake ya san irin ƙarfin saƙon rediyon da za a iya jiyowa daga nesa idan akwai wasu halittu a can. Makamashi yake aunawa. Ba zai gaya maka wa ke naɗa gwamna, wa ke karɓar haraji, gaban wa ake kai ƙara ba, alhali labarinka a kan waɗannan yake tafiya.

Abin da nake so ka fara aunawa shi ne tsawon lokacin da umarnin sarki ke yi a hanya kafin ya isa, da wanda amsa ke yi kafin ta dawo. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, kuma babu abin da muka sani da ya fi shi sauri, amma duk da haka sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya kai Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da ranarmu. Wato idan ka aika da tambaya, amsarta sai bayan shekara takwas da ɗoriya. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana cin kusan kilomita 17 a daƙiƙa, kuma da can ya nufa, da sai ya haura shekara 70,000 a hanya. Faɗin damin taurarin da muke ciki kuwa tafiyar haske ce ta shekara wajen 100,000. Sarkin da sai bayan shekara arba'in zai ji an yi masa tawaye, sunan mulki kawai yake da shi a can.

Ka kauce wa wannan matsala da dabarar mashigai, inda kumbo ke faɗawa ta wannan ƙofa ya ɓullo ta waccan, kuma saƙo ba ya wucewa sai a cikin kumbo. Dabara ce mai kyau, ina roƙonka ka riƙe ta da gaske, domin ita ce za ta tsara maka jadawalin ba tare da ka wahala ba. Duniyoyin da ke tafiyar kwana biyu ko uku daga fada, su ne cibiyar daula: alƙalan sarki ke yanke hukunci, kuɗinsa ake kashewa, dakarunsa na gani da ido. Daga nan sai waɗanda ke tafiyar watanni. Nan ne nake ganin tarihinmu zai fi maka amfani fiye da na Rumawa da marubuta suka saba ɗauka.

Dubi daular Sakkwato. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tuta ya ba mutane, kowa ya koma yankinsa. Tun yana raye aka raba kula da ƙasa biyu, gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Abdullahi na Gwandu, saboda fada ɗaya ba za ta iya sa ido a kan komai ba. Lamiɗon Adamawa a Yola yana da nasa hakimai da nasa yaƙe-yaƙe, kuma ba ya jiran izini kafin ya yanke shawarar yau da gobe. Abin da ya ɗaure shi da Sakkwato shi ne mubaya'a, da gaisuwar da ake aikawa, da tabbatar da sabon sarki idan gadon sarauta ya faɗi, da wasiƙun da ke kai da komo ta hannun Waziri. Irin wannan bi ba rauni ba ne, ita ce kaɗai hanyar riƙe ƙasa mai faɗi da doki da takarda. Haka Sifaniyawa suka yi da Filifin: ta hannun Meziko suke mulkinta, jiragen ruwa na zirga-zirga tsakanin Akapulko ta Meziko da Manila ta Filifin daga 1565 zuwa 1815, kuma wasiƙa daga Madrid da amsarta kan ci shekara biyu. Gwamnan da ke irin wannan nisa, rabinsa bara ne, rabinsa sarki. Ka ba shi gurbi na kansa a jadawalin, kada ka cusa shi cikin cibiya don kawai launinsu ɗaya a taswira.

Inda zuciyata ta fi karkata shi ne ƙananan ƙasashen, kuma nan ne nake ganin ka yi musu rowa. Layi ɗaya ka ba su a ƙasan shafi, kamar ragowar abin da dauloli ba su kai ga haɗiyewa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Duk ƙaramar ƙasar da ta rayu kusa da babbar daula, akwai dalilin da ya sa ta rayu, kuma da wannan dalilin ya kamata ka rarrabe su. Wata tana zaune ne a bakin mashigi, kowane ayari sai ya biya ta kuɗin fito, kuma dauloli biyu sun gwammace ta zauna haka da ɗayansu ta mallake ta. Irin wannan ƙasa arzikinta shi ne hatsarinta. Malaka, birnin gaɓar teku a Malesiya ta yau, ta yi tashe da kasuwancin mashiginta har Turawan Fotugal suka ci ta da yaƙi a 1511. Wata kuma wuyar shiga ce ta tsare ta, abin da za a kashe wajen cin ta ya fi abin da za a samu. Ningi a cikin duwatsunta ta yi shekaru tana hana Kano da Bauchi barci, Maraɗi da Argungu ma ba su miƙa wuya ba, duk a gefen daular da ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Mutanenka masu zama cikin duwatsun da ke shawagi a babi na biyu, waɗanda ka wuce su da jimla biyu, nan ne gidansu.

Akwai kuma waɗanda ba su da duniya ko ɗaya, kumbonsu shi ne ƙasarsu. A jadawalinka sifiri za su ci, tunda ba su riƙe da tauraro, amma ni da su zan buɗe littafin. Idan fatakenka suna bin doguwar hanya zuwa inda babu mashigi, suna gudun kashi 99 cikin ɗari na saurin haske, lissafin Einstein ya nuna shekara ɗayarsu daidai take da kusan shekara bakwai ta waɗanda suka bari a gida. Ka zauna ka yi tunanin abin da wannan zai haifar. Madugu ya ci bashi wurin saurayi, ya dawo ya tarar da dattijo, ko magadansa. Yarjejeniyar da ya ƙulla da sarki, jikan sarkin ne zai cika ta ko ya warware. Wa za su aura in ba junansu ba? A hankali sai su zama al'umma mai harshenta da shari'arta, kuma babu daular da za ta iya cewa talakawanta ne, domin kafin takardar haraji ta riske su, wanda ya sa mata hannu ya rasu.

Wannan ya kawo ni ga gwajin da nake ganin zai warware maka duk inda ka yi kokwanto: kalandar wa suke bi? Ba ƙaramar tambaya ba ce. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya kusan sau 16 a yini, shi ya sa da ɗan sama jannatin Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, zai tafi can a 2007 cikin watan azumi, sai da malaman ƙasarsa suka zauna suka fitar da ƙa'idar salla da azumi a can. Wannan fa tazarar kilomita 400 ce kacal daga ƙasa. To ina ga duniyar da yininta ya ninka namu, shekararta kuma ba ta kai rabin tamu ba? Mutanen da suka bar lissafin ranarsu suna bin na fada, an mallake su har zuci. Waɗanda ke rubuta kwanan wata biyu a takardunsu, masu mubaya'a ne. Waɗanda ba su ma san shekarar sarautar sarkin ba, ka cire su daga taswirarsa ko da tutarsa na kafe a can.

Ka ajiye ma'aunin Kardashev a shafin ƙarshe don masu son sanin ƙarfin kowa, amma ka sake zana taswirar da tsawon tafiya a kan kowace hanya. Sannan ka amsa mini abu ɗaya a wasiƙarka ta gaba: yarinyar nan mai gadin mashigi a babi na uku, idan aka zalunce ta, gaban wa za ta kai kuka, kuma wata nawa za ta jira kafin a saurare ta? Ina jiran babi na huɗu da zarar ka kammala, ko da ba ka gyara shi ba.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Na leƙa su Hajiya ranar Juma'a, tana nan lafiya, ta ce ka riƙa kira. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Naka amini.