Shin "Three" Suna Ne Ko Sifa? Kira Ga Malaman Turanci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu taɓo wata tambaya da ke raba kan malaman Turanci a makarantunmu, ɗalibai kuma su ne ke kwana a ciki: kalmomin ƙidaya irin su one, five da twenty, suna ne ko sifa?

Kalmar ita kaɗai ba ta ɗauke da amsa, sai an ga gurbin da ta zauna a jimla. Tsofaffin littattafan nahawu, masu raba kalmomi aji takwas, sun jefa three ta cikin "three boys" a ajin sifa, don kawai ta zo gaban suna tana ƙarin bayani a kansa. To amma a gwada ta da sifa ta ainihi. Ana cewa "very tall", "taller", "tallest", amma babu mai cewa "very three" ko "threer". Gurbinsu ma ba ɗaya ba ne: "three tall boys" ake cewa, ba "tall three boys" ba. Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne na suna tilo wanda ake iya ƙirgawa. "I bought fat goat" jimla ce gurguwa, sifar ba ta tsayar da ita ba. "I bought one goat" kuwa ta tsaya da ƙafarta, domin one ta cike gurbin da a, the ko my suke cikewa. Wannan aikin mafayyaci ne, wato abin da Turawa ke kira determiner, sunan da masanin harshe ɗan Amurka Leonard Bloomfield ya yaɗa tun 1933.

Wani zai ce, in haka ne yaya the da three suke haɗuwa a "the three boys"? Mafayyata sahu uku suke yi. All, both da half ne a gaba, the, my da those a tsakiya, ƙidaya a baya, sannan sifa, sannan suna. Shi ya sa ake samun "all those five old cars" a wannan jeri, in aka sauya shi jimlar ta ɓaci.

Akwai kuma inda ƙidaya take zama suna sak, wato idan lambar kanta ake magana a kai. A "Write a big seven on the board", kalmar seven ta karɓi a, ta kuma karɓi sifa. A "Three fives make fifteen" da "They came in twos and threes" ta karɓi -s na jam'i. Duk waɗannan halayen suna ne. Jimlar seven ta fi daɗin koyarwa, amma "Three fives make fifteen" ta fi nuna abin, domin three mafayyaci ce, fives kuma suna, ga su kafaɗa da kafaɗa. A "Three of the boys left" kuwa masana ba su daidaita ba: wasu na cewa wakilin suna ce, wasu na cewa mafayyaci ce da aka shafe sunan da ke binta.

Inda maki ke zubewa a jarrabawar WAEC da NECO shi ne hundred, thousand, million da dozen. Idan adadin tsayayye ne, ba sa ɗaukar -s kuma ba sa ɗaukar of: "two hundred students", "five dozen eggs". Idan adadin ba tsayayye ba ne, sai su koma suna, su ɗauki duka biyun: "hundreds of students", "dozens of eggs". Ɗalibin da ya rubuta "two hundreds of students" ya gauraya tsari biyu ne. Wanda ya rubuta "Hundred students came" ya manta cewa hundred ba ta tsayawa ita kaɗai, sai da irin su a, one ko two a gabanta. Abin da zai sauƙaƙa wa malami shi ne Hausa ma tana da wannan bambanci: ɗalibai ɗari biyu daban, ɗaruruwan ɗalibai daban. Yaro ya riga ya san shi a bakinsa, nuna masa kawai za a yi.

Akwai kuskuren da Hausar ce ke jawo shi. Mu muna cewa shekara goma, mutum uku, kwana biyar, sunan yana nan a tilonsa. Turanci ba ya yarda da haka, dole ten years, three people, five days. Amma idan ƙidaya da suna suka haɗu suka siffanta wani suna na daban, sai jam'in ya faɗi, a sa ƙaramin layi tsakaninsu: "a ten-year-old girl", "a two-day meeting". A kwatanta da "The girl is ten years old", inda -s ɗin ya dawo, layin kuma ya ɓace. Haka nan idan aka ɗauki adadi a dunƙule, aikatau tilo yake bi: "Ten years is a long time".

Kalmomin jeri irin su first da second sun fi kusa da sifa, kuma yawanci su ne ke shiga gaba: "the first three chapters".

Ko a nahawun Hausa ba a cusa ƙidaya cikin sifa ba, ma'auni ake kiranta, da dalili: muna cewa dogayen yara amma yara uku, muna kuma cewa ukunsu.

Roƙonmu ga 'yan'uwa malamai shi ne a daina rubuta five tsurarta a allo ana tambayar ajinta, a riƙa ba da cikakkiyar jimla. Yaron ƙaramar sakandare da ya ce sifa ce a "five books", alhali haka littafin da aka ba shi ya ce, kada a soke masa. In ya shiga babbar sakandare sai a sa shi ya yi gwajin very da na "one goat" da kansa. Masu tsara manhaja kuma su zaɓi suna guda su sanar da makarantu, domin yanzu malamin aji ɗaya na cewa adjective, na aji huɗu na cewa determiner, babu wanda ya gaya wa yaron cewa kalma guda suke nufi.

Wassalam.

Wasu malaman Turanci,
Zariya.