Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Zumunta ta Jikokin Marigayi Kakanmu

Assalamu alaikum, iyaye, yayye da ƙanne.

A taron bara kun ɗora wa kwamiti nauyin tattara tarihin aikin sojan Kakanmu, Allah ya jiƙansa, kuma a kan wannan aiki ne mafi yawan lokacinmu da kuɗin asusu suka tafi a bana.

Mun fara da adakar da Gwaggo ta adana tun rasuwarsa. A ciki muka sami takardar sallamarsa, wadda gara ta ci gefenta, da lambar yabo ta Burma Star da ake bai wa waɗanda suka yi Yaƙin Boma. Takardar ta tabbatar da cewa yana cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda ta yaƙi sojojin Japan a yankin Arakan na ƙasar Boma, ta kuma haɗu da Runduna ta 81 wajen karɓe garin Myohaung a Janairun 1945. Daga nan rundunar su Kaka ta nausa kudu ta wuraren Dalet da Tamandu, kuma wannan Dalet ɗin ne aka sa wa barikin Kaduna sunansa, barikin da da yawanmu muke wucewa ta gabansa ba tare da sanin cewa Kaka ya taka ƙasar da ake nufi ba.

Abin da takarda ba ta faɗa ba, mun neme shi a bakin dattawa. Mun naɗi muryar Gwaggo da ta Baffa daban-daban, kuma labarinsu ya zo ɗaya a kan abin da ya fi muhimmanci: cewa a wani kwanton ɓauna da aka yi musu a kurmi, Kaka ya koma baya ya saɓo abokinsa da aka harba a cinya, ya yi tafiya da shi har wurin masu magani, alhali shi kansa zazzaɓi na cinsa. Shi bai taɓa kiran wannan jarumta ba. Abin da ya fi ambata, in ji Gwaggo, shi ne ruwan sama marar yankewa, da matsattsaku, da kayan da ake ɗauka a ka a duwatsun da mota ba ta shiga, da abincin da jirgin sama ke jefo musu.

Inda ruwayoyin suka saɓa, kamar sunan ƙauyen da abin ya faru, mun rubuta kowace da sunan mai ita, domin a ganin kwamiti bai dace mu ƙawata tarihin mutumin da bai ƙawata shi da bakinsa ba.

Sauran ayyuka sun gudana yadda aka saba. An yi saukar Alƙur'ani a gidan gado bayan ƙaramar Sallah, an kuma kai wa matan mazan jiya na unguwa hatsi a ranar 15 ga Janairu. Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi dabam.

Aikin da ya rage shi ne hotuna. Muna roƙon duk gidan da ke da hoton Kaka cikin kaki, ko wasiƙar da ya aiko daga Indiya, ya miƙa wa magatakarda kafin azumi. Za a ɗauki kwafi a mayar wa mai shi a ranar.