Barka da Sallah daga Kiyoto

Assalamu alaikum, Baba da Hajiya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku barka da Sallah. Allah Ya karɓi layyarmu, Ya maimaita mana. Ina fatan kuɗin rago sun iso hannun Yaya a kan lokaci.

A nan Japan ba a ba da hutun Sallah, rabin yini na roƙa wurin maigida. Da sassafe na hau jirgin ƙasa zuwa Kobe, na yi Idi a tsohon masallacin da aka buɗe tun 1935, kafin la'asar na dawo shago.

Hajiya, kun sha tambayata me muke sayarwa. Yau dai zan faɗa muku, don abin ya taɓa ni. Tsoffin kayan gida ne, mafi daraja a ciki shi ne biyobu, wato makarin iska. Aikin zana yake yi a tsakar gidanmu, sai dai shi a cikin ɗaki ake kafa shi, kuma naɗe shi ake yi. Ƙyaure shida ne, tsayinsa ya kusa nawa, takarda a kan siraran katako, har mahaɗin ƙyauren ma takarda ce. Bibbiyu ake yin su.

Da na dawo na tarar an buɗe wasu na zamanin Edo a tarihin Japan, wanda ya ƙare a 1868. Duk an shimfiɗe su da fallayen zinariya, don su riƙa mayar da hasken fitila a ɗaki mai duhu. A kansu an zana lokutan shekara huɗu. Farin launin daga garin ɓawon kawa ne, koren kuma dutse aka niƙa. Daga dama ake fara kallo zuwa hagu, kamar karatun allo. Farko furen bishiyar ume na ƙarshen sanyi, sai zalɓe tsaye a ruwa lokacin zafi, sai furen kiku da garken dinya a kaka, ƙarshe gauraki biyu cikin dusar ƙanƙara. Taku goma kawai na yi, shekara ta ƙare. Na tsaya ina ƙirga irin wannan zagayen da na yi ba tare da ku ba, har sai da hawaye ya zo mini.

Baba, gidan masu zanen da suka fi suna a wannan sana'a Kano ake ce musu. Sunan zuriyarsu ne, ba su da haɗi da garinmu, amma duk sanda maigida ya ambata sai gabana ya faɗi.

Mutanen nan ma da tsuntsu suke gane lokaci. Shamuwa ta sauka a kukar bayan gida kuwa? An yi shuka?

A gaishe mini da Gwaggo da ƙannena. A ce wa Auta ta turo hoton ragon da na sabon lallenta.

Ɗanku mai kewarku.