Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram kan titin unguwarmu

Zuwa ga Mai Martaba Sultan na Damagaram, ta hannun masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu talakawan Mai Martaba ne, mazauna unguwannin bakin gari, waɗanda titinsu ya haɗe da babbar hanyar Tanut. Cikinmu akwai masu shaguna, ƴan kabu-kabu, masu a-daidaita, ƴan ga-ruwa, limamai da iyaye mata. Buƙatarmu biyu ce, kuma ɗaya ba ta tafiya sai da ƴar'uwarta: a sake gina titin nan daga tushe, sannan kafin katafila ta taɓa shi, a tsara inda mutane da motoci za su bi har a gama.

Ranka ya daɗe, lokacin da aka shimfiɗa titin, rabin wajen gonaki ne. Yau gidaje sun cika shi dama da hagu. Hanyar da ta taso daga Agadas ta biyo Tanut, ta ratsa Damagaram ta nufi Magarya da iyakar Najeriya, dama can hanyar manyan motoci ce, kuma tun da aka buɗe matatar mai a 2011 tankoki suka ƙaru a kanta. Direban da ke gudun cunkoso sai ya karyo ta wajenmu. Kwaltar da aka yi don ƙananan motoci ba ta ɗaukar wannan nauyi. Ta tsattsage, bakinta ya zaizaye, ramuka suka haɗe da juna. Ana zuwa a cike su da jar ƙasa, ruwan farko ya kwashe.

Ruwan shi ne babbar magana. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwa ba ya nutsewa da wuri, gudu yake yi ya nemi gangare. Titinmu ba shi da magudana, don haka shi kansa ya zama rafi. Daminar 2024 ba ta bar kowa cikin shakka ba, tunda a watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Birni ya faɗi, wanda kakannin kakanninmu suka yi salla a ciki. Muna roƙon a fara da magudanai, masu zurfi, masu murfi, a kai bakinsu har tabki, kada a tsayar da su a ƙofar wani bawan Allah. Kuma injiniyoyi su auna tsayin titin da dokin ƙofofinmu. In aka ɗaga kwalta ta fi zaurukanmu tudu, an gyara wa mota hanya, an juyo da ambaliya cikin ɗakunan mutane.

Abin da ya fi tayar mana da hankali, ranka ya daɗe, shi ne watannin aikin. In aka toshe titin baki ɗaya ba tare da hanyar ratse ba, kowane direba zai nemo tasa, kuma lungunanmu zai faɗa. Lungunan nan rairayi ne, matsattsu, katangunsu na ƙasa. A nan yara suke wasa, a nan almajirai suke zama da allunansu, a nan tsofaffi suke shimfiɗa tabarma da la'asar. Tanki cike da mai ba shi da abin yi a irin wannan wuri. In ya kafe ya tare unguwa, in ya faɗi kuwa, Allah ya kiyaye.

Saboda haka muna roƙon a yi aikin gaɓa-gaɓa, a gama wani yanki a buɗe kafin a fasa na gaba, inda faɗi ya isa kuma a bar hannu ɗaya ana bi. Manyan motoci a tsayar da su kan babbar hanya, a sa jami'ai a mahaɗa su hana su shigowa. Hanyar ratsen da za a ware wa ƙananan motoci da babura da amalanke a zuba mata tsakuwa a daddanne tun kafin a rufe titin, a kafa alluna masu hoto, don ba kowa ke karatun boko ba. Ranar Alhamis a yi mata tsari na daban, domin ranar ce mutanen ƙauyuka ke kwararowa kasuwa da dabbobi da hatsi, kuma cunkoson safiyarta ba ya kama da na sauran ranaku. Matasanmu da yawa ba su da aikin yi. A ɗauke su su riƙe tuta, su tsallakar da ƴan makaranta safe da rana. Sun san kowane lungu, kuma yaran ƙannensu ne.

Ko da wane lokaci a bar wata kafa da mota za ta iya fita da mara lafiya. Mace mai naƙuda da tsakar dare ba za ta jira a cike rami ba kafin a kai ta asibiti. Ramukan magudana kuma a ɗora musu katako a ƙofar kowane gida da masallaci, a sa alama mai haske, saboda makafi da masu fita sallar asuba.

Ƙura za ta tashi, musamman in aikin ya faɗo cikin hunturu, kuma yayyafi ne maganinta. Sai dai Mai Martaba ya fi kowa sanin tsadar ruwa a Damagaram, inda mata ke kwana a bakin famfo lokacin bazara. A sa wa ɗan kwangila sharaɗi ya ɗebo ruwan yayyafi daga tabki, ya bar mana na sha. Bututun ruwa da wayoyin da ke ƙarƙashin ƙasa kuma a gano inda suke, a sauya na sauyawa tun yanzu, kada a gama kwalta a dawo ana sara ta. Lokacin farawa shi ne da zarar damina ta ɗauke, yadda magudanai za su kammala kafin watan Yuni.

Masu tebura da rumfunan bakin titi, yawancinsu cinikin yini ne abincin darensu. A ba su sanarwa da wuri ta rediyo da bakin masu unguwa, a nuna musu inda za su zauna na ɗan lokaci. Wanda aikin zai ci katangarsa a yi masa ƙima a gaban shaidu, a biya shi kafin a rushe.

Mu ma mun ɗauki namu nauyin. Za mu hana zuba shara da leda cikin magudanai, mu riƙa yashe su kafin kowace damina, kuma duk wanda ya ci hanya da gini za mu fara yi masa magana da kanmu.

Muna roƙon Mai Martaba ya isar da kukan nan ga Gwamnan jiha da hukumar birni da ma'aikatar da ke kula da hanyoyi, ya kuma sa a kira zama a fada, da wakilanmu maza da mata, a nuna mana taswirar aikin da ta hanyar ratse kafin a sa hannu da ɗan kwangila. Sunayenmu da sa hannunmu suna wajen masu unguwanni.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka,
mazauna unguwannin da titin ya ratsa, Damagaram.