A koya wa maniyyata dokokin binciken filin jirgi tun a wurin bita

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan binciken matafiya, domin da yawa daga cikin maniyyatan da ke tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III a nan Sakkwato ba su taɓa hawa jirgi ba.

Kowace doka akwai abin da ya haife ta. Yawan fashin jirage ne ya sa Amurka ta fara binciken kowane fasinja da jakarsa a 1973. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka hana shiga da wuƙa, aka ƙarfafa ƙofar matuƙa. A 2006 a Ingila aka bankaɗo shirin tayar da bam na ruwa a cikin jirage, sai aka taƙaita abin ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100. Na'urar haska jiki kuwa ta yaɗu ne bayan yunƙurin da ɗan Najeriya Umar Faruk Abdulmutallab ya yi na tayar da bam a jirgi a Disambar 2009, abin da ya taɓa mu 'yan Najeriya ƙwarai.

Amma tsohuwar da ta taso daga Tangaza da kwalbar zuma da reza ƙulle a gefen zane ba ta san wannan ba. Idan aka karɓe, sai ta ga an wulaƙanta ta, ga baki ɗauke da talbiyya. Abin yana min ciwo.

Ina roƙon malaman bita su kawo jakar hannu gaban maniyyata, su zazzage ta, su nuna abin da zai wuce da wanda za a mayar babbar jaka. A kuma shaida wa mata tun da wuri cewa mace ce za ta laluba su.

Naka mai karatu,
daga Sakkwato