Tasin Sama Mai Batir: Nauyi Ne Babbar Matsala

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in yi bayani kan ƙananan jiragen sama masu aiki da batir, waɗanda ake cewa nan gaba mutum zai kira su ta waya kamar tasi.

Suna tashi, wannan babu gardama. A 2020 hukumar jiragen sama ta Tarayyar Turai ta amince da Velis Electro na kamfanin Pipistrel. Mutum biyu yake ɗauka, yana yin kusan minti 50 a sama, kuma koyar da tuƙi aka fi yi da shi. A 2023 ƙasar Sin ta amince da jirgin EH216-S na kamfanin EHang, marar matuƙi, wanda iyakar tafiyarsa kilomita 30 ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne nauyi. Kilo ɗaya na man jirgi yana ɗauke da ƙarfin kilowat-awa 12, kilo ɗaya na batirin litiyam kuwa da ƙyar yake kai 0.3. Injin lantarki ba ya ɓarnar ƙarfi kamar na mai, amma duk da haka ratar ta fi ninki goma. Kuma mai yana ƙonewa jirgi yana sauƙi, batir kuwa ko ya ƙare nauyinsa na nan daram.

Jirgin da ke tashi da sauka a tsaye kamar helikwafta ya fi jan wuta a waɗannan lokuta biyu. Ke nan wajen sauka yana buƙatar cikakken ƙarfi daidai lokacin da caji ya yi ƙasa, batir ya ɗauki zafi. Dole kuma a bar cajin ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa. Cajin gaggawa tsakanin fasinja da fasinja yana tsufar da batir da wuri, kuma ƙwaya ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da aka haɗa batirin da su in ta kama wuta tana iya kunna na kusa da ita, shi ya sa ake raba su da kariya, wadda ita ma nauyi ce. A zafin bazara iska ba ta da kauri, farfela sai ta ƙara jan wuta kafin ta ɗaga kaya iri ɗaya.

Kuɗin ma ba wasa ba ne. Kamfanonin Lilium da Volocopter na Jamus, masu ƙera irin waɗannan jirage, duk sun bayyana karyewa a ƙarshen 2024.

Tsallake cunkoso daga filin jirgi zuwa cikin gari abu ne mai yiwuwa. Tafiya tsakanin birane da kujeru cike kuwa sai batir ya inganta sosai. Ina roƙon wakilanku, in kamfani ya faɗi nisan jirginsa, su tambaya: da fasinja nawa, da batir sabo ko tsoho, kuma an cire na ko-ta-kwana?

Wassalam,
Mai karatu daga Zariya